Ɗan Maliyo: Waƙar da Ta Girmi Masu Yin Ta

Gaffati gari ne na manoma a gundumar Mirya, cikin jihar Damagaram, ba nisa da birnin Zinder. Da damina mutanen garin ba su da lokacin kansu. Manya suna gona. Yara suna kai abinci ko suna kiwon awaki. In dare ya yi kowa ya gaji, sai barci. Amma da an yanke hatsi, an ɗaure dammuna, an kai rumbu, sai gari ya sake. A lokacin ne yara ke fita dandali bayan sallar lisha, musamman in akwai farin wata. Maza su ware gefe guda su yi langa ko kokawa. Ƴan mata su yi da'ira su kama gaɗa.

Waƙoƙin gaɗa suna da yawa. Wasu na gari ɗaya ne, in an wuce ƙauyuka uku ba wanda ya san su. Wasu shekara ɗaya ake yayinsu, su mutu. Akwai kuwa ƴan kaɗan waɗanda suka game ƙasar Hausa duka. Ɗan Maliyo tana cikinsu. Yarinyar da ta tashi a Damagaram, in aka kai ta Kano, ko Katsina, ko Maraɗi, ko Zariya, ta tarar ana yin ta, ba ta bukatar a koya mata. Sai ta shiga layi ta kama tafi. Uwarta ta yi waƙar tana ƙarama. Kakarta ma ta yi.

Yadda ake yin ta

Gaɗa ba ta bukatar ganga ko kalangu. Tafin hannu shi ne kiɗa. Yarinya ɗaya mai murya ita ke bayarwa, sauran su amsa. Amshin Ɗan Maliyo gajere ne ƙwarai, sunan nan ne kawai ake maimaitawa a ƙarshen kowane layi. Saboda haka yarinya ƴar shekara huɗu, wadda ba ta iya riƙe doguwar magana ba, tana iya shiga tun daren farko.

Abin da waƙar ke faɗi ba shi da yawa. Akwai wani da ake ƙauna, ba ya gida. Ana tambayar inda ya nufa. Ana ba da amsa da sunan wani gari mai nisa, Ilori. An ce ba a sa ran ganinsa sai wani wata ya tsaya. Ana kuma jiran labarin da zai zo da shi. Daga nan sai waƙar ta bar matafiyi ta juyo kan ƴan matan da ke wurin, a ce wa ɗaya ta nuna irin rawar da ta iya.

Yadda ake rawar ya bambanta daga wuri zuwa wuri, kamar yadda yake a sauran wasannin gaɗa. A wani wuri yarinya ke shiga tsakiyar da'ira ta taka, ta koma, wata ta fito. A wani wurin kuma ƴan mata kan yi rabin da'ira, ɗaya ta fito gaba ta juya musu baya, ta saki jiki ta faɗo. Su tare ta da hannuwa, su cilla ta sama, ta dira a kan ƙafafunta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wadda za ta faɗo ba ta ganin bayanta. In ƙawayenta suka janye hannu, ƙeyarta ce za ta bugi ƙasa. Ba a cika ganin haka ba, ko da an yi faɗa a rijiya da rana, domin wadda ta janye hannu ta san layi zai zo kanta.

Kalmomin ma ba daidai suke ko'ina ba. Wani gari yana ƙara layi, wani yana ragewa. Ƴan mata biyu daga garuruwa biyu suna iya yin gardama, kowace ta ce tata ce ta asali. Duk su biyun suna da gaskiya. Waƙar baka ba ta da kwafi ɗaya da aka ajiye a akwati wanda za a ɗauko a raba gardama da shi.

Me ya kai Ilori cikin waƙar yara?

Ilori ba garin Hausawa ba ne. Gari ne a arewacin ƙasar Yarabawa, kudu da kogin Kwara. Yau shi ne babban birnin jihar Kwara a Najeriya, wadda aka kafa a 1967. Daga Zinder zuwa can ta hanyar mota wajen kilomita 1000 ne. Yawancin yaran da ke ambatonsa a dandali ba su taɓa ganinsa ba, wasu ma ba su san gari ne na gaske ba. To yaya aka yi sunansa ya zauna a bakinsu? Amsar tana cikin tarihin fatauci.

Shekaru 250 da suka wuce Ilori ƙaramin gari ne a ƙarƙashin daular Oyo. A 1817 babban sarkin yaƙin Oyo, Afonja, wanda ke zaune a Ilori, ya ƙarfafa tawayen da yake yi wa ubangidansa. Bayi da yawa, cikinsu har da Hausawa, suka gudo daga gidajen iyayengijinsu suka shiga rundunarsa. Akwai kuma wani malami Bafillace a garin, ana ce masa Shehu Alimi, mai almajirai da yawa. Bayan ƴan shekaru aka kashe Afonja. Ɗan Shehu Alimi, Abdussalami, ya zama sarkin Ilori na farko a ƙarƙashin Gwandu, cikin daular Sakkwato. Wajen 1835 tsohon birnin Oyo ya watse. Kasuwancin da ke bi ta can sai ya koma Ilori.

Tun daga lokacin Ilori ya zama ƙofa tsakanin arewa da kudu. Fatake suna kawo dawaki, da shanu, da tumaki, da fatu, da kanwa. Suna komawa da tufafin saƙar garin, da duwatsun wuya na lantana waɗanda ake fafewa a can, da kayan Turawa da suka fito ta bakin teku. Daga baya goro ya shiga. Dā can goro daga Gwanja ake ɗauko shi, a ƙasar da yau ake kira Gana. A ƙarshen ƙarni na 19 aka fara kawo shi Ikko ta jirgin ruwa, sannan a hauro da shi arewa. Hausawa suka yi yawa a Ilori har suka sami unguwa tasu, ita ce Gambari. Har yau akwai sarautar Balogun Gambari a fadar Ilori.

Damagaram tana da hannu a wannan ciniki. Gabas da Zinder, a ƙasar Muniyo da Manga, wajajen Gure da Maine-Sorowa, akwai kwaruruka inda ake kwasar kanwa, ake kuma dafa gishirin mangul. Mutanen kudu suna son kanwa ƙwarai. Suna sa ta a miya, suna haɗa ta da taba, suna magani da ita. Jakai da takarkarai ke ɗauko ta, kashi mai yawa ya bi ta ƙasar Damagaram zuwa Kano, daga Kano ya wuce Zariya, ya shiga Nupe, a ƙetare Kwara da jirgin kwale-kwale, a isa Ilori. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya gina ganuwar Zinder, ya rasu a 1884, birnin ya zama babbar mahaɗar ayari. Wasu ayarin na zuwa daga Tarabulus ta hamada, wasu daga Barno, wasu daga Kano. Unguwar Zango ta Zinder daga masaukin waɗannan baƙi ta samo sunanta.

Ayari ba tafiyar mutum ɗaya ba ce. Akwai madugu, shi ne shugaba, shi ke shirya da sarakunan hanya a kan kuɗin fito. Akwai jagaba mai shiga gaba. Akwai ƴan alaro masu ɗaukar kaya a ka, da yara masu korar jakai. Ana tashi da asuba, a yada zango kafin rana ta yi zafi sosai, don dabbobi su yi kiwo. Hanya tana da ƴan fashi, da ciwo, da koguna. Ba duk wanda ya tafi ke dawowa ba. Wani ya mutu a hanya, wani ya karye ya ji kunyar komowa, wani ya yi aure a can ya zauna.

Waɗanda aka bari a gida kuwa ba su da wasiƙa, ba su da waya. Abin da suke da shi biyu ne: ƙidayar wata, da labarin da wani matafiyi zai kawo. Waɗannan abubuwa biyu su ne a cikin waƙar Ɗan Maliyo. Manyan mawaƙan fada sun yi wa sarakuna da mayaƙa waƙa. Masu zaman jira a gida, ƴan mata ne suka yi musu tasu, kuma ba su yi ta da kuka ba. Sun yi tambayarsu, sun ba kansu amsa, sun ci gaba da rawa.

Shekarunta nawa?

Wanda ke son sanin shekarun itace yakan duba kaurinsa. Wanda ke son sanin shekarun waƙar baka sai ya duba kalmomin cikinta. Sunan Ilori shaida ce ta farko. Da wuya ƴan matan Hausa su sa sunan garin da ba a zuwa, ba a kuma jin labarinsa. Tun da Ilori bai yi suna ba sai bayan 1820, waƙar a yadda ake yin ta yanzu ba ta wuce shekara 200 ba.

Shaida ta biyu ita ce maganar dawowa a wata mai zuwa. A nan sai a yi lissafi. In ayarin jakai yana cin kilomita 20 a yini, kilomita 1000 zai ɗauke shi kwana 50, ban da ranakun hutu da na cin kasuwa. Zuwa da dawowa ya wuce wata uku. Ko daga Kano aka tashi, sai an haura wata biyu. Ashe wanda ya tafi da ƙafa ba zai dawo cikin wata ɗaya ba. Jirgin ƙasa ne ya gajarta hanyar. Dogo ya iso Ilori daga Ikko a 1908, ya iso Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930. Bayan haka mutum na iya zuwa Ilori ya sayi goro ya komo kafin wata ya mutu.

Wani zai ce, to ke nan waƙar ta zamanin jirgi ce. Amma kada a yi saurin yanke hukunci. Waƙar ba ta faɗi ranar da matafiyin ya tashi ba. Wataƙila ya daɗe da tafiya, wata ɗaya ya rage masa. Kuma duk wanda ya taɓa tambayar uwarsa yaushe baba zai dawo ya san irin amsar da ake ba yaro don ya yi shiru. Saboda haka shaida ta biyu ba ta kai ta farko ƙarfi ba. Ita ma ta farkon tana da iyaka: ta nuna shekarun kalmomi ne, ba shekarun karin muryar ba. Yana yiwuwa karin ya girmi Ilori, dā ana sa sunan wani gari ne a wurin. Masu binciken tarihi haka suke aiki. Suna auna kowace shaida, su ga inda ta tsaya, su tsaya nan.

Abin da ya sa ake shan wannan wahala shi ne, masu rubutu na dā ba su damu da bakin yara ba. Malamai sun rubuta waƙoƙin wa'azi da ajami. An rubuta sunayen sarakuna da shekarun mulkinsu. Wasan ƴan mata a dandali kuwa an ɗauke shi abin da bai kai a ɓata tawada a kansa ba. Ɗan abin da aka samu a rubuce, sai da wani ya zauna ya tambaya.

Misali ɗaya daga ƙasar Damagaram ya fito. Wani yaro mai suna Dorugu, haifaffen Dambanas kusa da Kance, an kama shi bawa yana ƙarami, aka kai shi Barno. Can ya sami ƴanci, ya shiga hidimar Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda ya sauka a Zinder a ƙarshen 1852. A 1855 Barth ya tafi da shi Turai. A Ingila wani mai nazarin harsuna, Schön, ya zaunar da shi yana faɗi ana rubutawa: labarin rayuwarsa, da tatsuniyoyin da ya ji a gida. Suna cikin littafin Magana Hausa da aka buga a 1885. Da ba a tambaye shi ba, da sun tafi tare da shi. Misali na biyu wata tsohuwa ce ta ƙasar Zazzau, Baba ta Karo, wadda aka haifa a 1877. A 1949 da 1950 ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta, aka buga shi a 1954. A ciki ta tuna waƙoƙi da raye-rayen da ta yi da ƙawayenta tana budurwa. Daga bakinta aka san cewa tun kafin zuwan Turawa ƴan mata suna da waƙoƙinsu na kansu, kuma suna sa abin da ke faruwa a gari cikinsu.

Wata waƙa a wata ƙasa

Ba Hausawa kaɗai ke da irin wannan waƙa ba. A ƙasashen Turai da Amurka yara ba su da dandali irin na ƙauyukan Hausa, amma suna da sansanin hutu. In an rufe makaranta sai a kwashe su zuwa daji ko bakin tafki, su kwana a tanti. Da dare a hura wuta, a kewaye ta, a yi waƙa. Ƙungiyar Sikawut ta taimaka wajen yaɗa wannan al'ada. Ta faro ne daga sansanin da Baden-Powell ya yi da yara wajen 20 a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907.

Cikin waƙoƙin sansani babu wadda ta kai Kumbaya suna. Asalinta addu'a ce ta baƙaƙen fatar kudancin Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, suna roƙon Ubangiji ya kusanto masu wahala. A 1926 wani mai tara waƙoƙin baka, Robert Gordon, ya ɗauki muryar wani mutum mai suna H. Wylie yana rera ta a jihar Jojiya. Faifan yana ajiye a babban ɗakin karatu na majalisar Amurka. A 1939 wani mai wa'azi farar fata, Marvin Frey, ya yi rajistar waƙar da sunansa, ya ce shi ya ƙaga ta. Aka kuma yaɗa wani labari cewa daga Angola aka dawo da ita. Bayan 1955 ta shiga ƴan littattafan waƙa da ake raba wa sansanoni, manyan mawaƙa irin su Joan Baez suka sa ta a faifai, ta zaga duniya. Shekaru da yawa miliyoyin yara suna yin ta, an manta da masu ita. Tsohon faifan nan na 1926 shi ya zama hujja: an ji ta a bakin Wylie shekara 13 kafin rajistar Frey.

Kumbaya da Ɗan Maliyo ba su haɗa dangi ba. Ɗaya addu'a ce, ɗaya wasa. Amma gininsu ya yi kama: layi gajere, amshi mai dawowa kullum, da wurin da kowa zai sa bakinsa. Bambancin da ya fi girma shi ne hanyar da suka bi. Kumbaya littafi da faifai suka ɗauke ta. Ɗan Maliyo da ƙafa ta yi tafiyarta.

Yadda ta game ƙasa

Babban abin da ya ɗauki waƙoƙin gaɗa daga gari zuwa gari shi ne aure. In za a kai amarya wani gari, ƙawayenta ke raka ta, su yi gaɗa a can, ƴan matan garin su ji su ɗauka. Amaryar kuma in ta haihu, abin da ta iya shi za ta yi wa ɗiyarta. Sai kasuwa, inda ƴan talla daga ƙauyuka da yawa ke haɗuwa mako-mako. Sai ƙaura: iyalan fatake da malamai da suka zauna a zangunan Kumasi, da Ikko, da Sudan, sun tafi da wasannin yaransu. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata tsakanin Nijar da Najeriya a farkon ƙarni na 20 ba ta tare waƙa ba. Babu ɗan duwan da ya taɓa tsayar da ita a Magarya ko Matamai ya nemi takarda.

Makarantar boko da farko ba ta yi maraba da irin waɗannan waƙoƙi ba. A lakwal ta zamanin mulkin mallaka Faransanci kaɗai ake yarda da shi, yaron da aka ji yana Hausa a rataya masa alamar horo. Yara suna koyon waƙoƙin Faransa a aji, su bar nasu a bakin ƙofa. Abin ya fara sakewa a 1973, da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Zinder, inda yaro ke fara karatu da Hausa kafin ya ɗora da Faransanci. A zamanin Shugaba Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, aka farfaɗo da ƙungiyoyin samariya, aka riƙa yin gasar wasannin gargajiya tsakanin jihohi. Raye-raye da waƙoƙin ƴan mata na ƙauye suka hau dandamali, aka ji su a rediyo, aka gan su a talabijin. Yau kuma Ɗan Maliyo tana cikin wayoyin hannu. An sa mata kiɗan zamani, ana tura ta daga waya zuwa waya.

Duk da haka ba rediyo ko waya suka raya ta ba. Ta riga su. Abin da ya raya ta shi ne tana ba kowace yarinya abin yi. Mai murya ta bayar. Marar murya ta amsa. Mai kunya ta tsaya a layi ta yi tafi har ranar da za a turo ta tsakiya. Ba a fitar da kowa, ba wadda ke ci, ba wadda ke faɗuwa. Kuma maganarta ba ta tsufa ba. A ƙauyukan Damagaram har yanzu, da an gama aikin gona, samari da magidanta da yawa ke tafiya cin rani, wasu Kano da Ikko, wasu Agadas, wasu har Libiya da Aljeriya. Sunan garin ya sake, amma yarinyar da wanta ko mahaifinta ya tafi ta san abin da ake tambaya a waƙar.

Inda haɗarin yake shi ne dandali. A birane filayen unguwa da yawa sun zama gidaje da shaguna. Iyaye da yawa ba sa son ɗiyansu mata su fita da dare, kuma suna da dalilansu. Inda akwai lantarki ko faranti mai aiki da hasken rana, yara sun fi taruwa gaban talabijin ko kan waya ɗaya. Wayar tana ajiye murya, wannan abu ne mai kyau, shi ne abin da faifan Wylie ya yi. Amma mai saurare a waya ba ta amshi, ba ta tafi, kuma ba wanda ke tare ta in ta faɗo.

Zaman yarinya a dandali gajere ne. Tana shiga tana da shekara 5 ko 6, ta bar shi tana da 13 ko 14. Cikin waɗannan shekaru ne take karɓar waƙa daga yayyenta ta miƙa wa ƙannenta. In an ɗauka waƙar ta shekara 150, kuma kowane rukuni na ƴan mata yana riƙe ta shekara 8, an miƙa ta hannu zuwa hannu kusan sau 19 ba ta faɗi ba. Unguwar da ta yi shekara 10 ba a gaɗa, ƙananan da suka taso ba za su tarar da mai ba su ba, sai dai su je wurin iyaye da kakanni su tambaya.

Ma'anar kalmomi

Gaɗa: wasan ƴan mata na waƙa da tafi da rawa.
Amshi: abin da jama'a ke maimaitawa bayan mai bayarwa.
Ayari: taron fatake da dabbobinsu masu tafiya tare.
Madugu: shugaban ayari.
Fito: kuɗin da ake biya don a wuce ƙasar wani sarki ko a ƙetare kogi.
Takarkari: sa mai ɗaukar kaya.
Mangul: gishirin da ake dafawa a ƙasar Manga.

Tambayoyi

1. Waɗanne kaya fatake ke kaiwa Ilori, waɗanne suke komowa da su?
2. Me ya sa sunan Ilori ya fi maganar wata ƙarfi wajen gano shekarun waƙar?
3. Ayari yana cin kilomita 20 a yini, yana kuma hutun kwana ɗaya bayan kowace tafiyar kwana 5. Kwana nawa zai yi kafin ya cika kilomita 1000?
4. Wane amfani faifan 1926 ya yi wa masu waƙar Kumbaya?

Aiki

Ku duba taswira ku nuna Zinder, da Kano, da Zariya, da kogin Kwara, da Ilori. A gida kowa ya roƙi inna ko kaka ta yi masa Ɗan Maliyo yadda ta koya. Ku rubuta ta daidai yadda ta faɗa, kada ku gyara kome. A ƙasa ku sa sunan garin da ta yi yarintarta, da wadda ta koya mata. Ku kawo aji a gwada da na sauran ɗalibai, a ja layi a ƙarƙashin kalmomin da suka bambanta.